Masu Tayar da Fentin Tsofaffin Motocin Daji

Ranar da aka shigo da tsohuwar Land Cruiser garejin fenti, mai ita yakan zo da hukuncinsa a baki: a kankare ta kakaf, a fesa mata sabo. Ba a ga laifinsa ba. Motar da ta baro kamfani fara fat ta koma kamar bangon da aka yi wa farar ƙasa tun shekarun baya, in ka jingina da ita sai rigarka ta kwashi gari. Gefenta duk zanen ƙaya ne tun daga fitilar gaba har ƙofar baya, jar ƙasa kuma ta rine gindin ƙofofi. To amma in Allah ya haɗa shi da mai fenti na ƙwarai, ba za a taɓo maganar kuɗi ba tukuna. Maigidan garejin zai sa yaronsa ya kawo ruwa da tsumma mai laushi mai duhu, ya wanke wuri kamar faɗin tafin hannu a kan bonet, ya ɗiga man goge fenti, ya yi ta murzawa na minti biyu ko uku. Sai ya dubi tsumman, ya dubi wurin. Idan farin ya fito a jikin tsumma, wurin da aka murza kuma ya ɗauki ƙyalli har mutum na ganin inuwar fuskarsa, zai ɗago kai ya ce, Alhaji, fentin nan bai mutu ba, ƙishirwa yake ji.

A wurina, cikin waɗannan mintuna uku ake gane mai sana'ar. Fesa fenti dai, duk yaron da ya shekara biyu yana riƙe bindigar fenti zai iya. Gwani shi ne wanda ya san ranar da za a ajiye bindigar, ko da ajiye ta zai sa rabin kuɗin da zai samu ya tafi.

Ga dalili. Fentin da mota ke fitowa da shi daga kamfani ba a iya maimaita shi a gareji, ko a Kano ne ko a Tokiyo. A kamfani ana yi wa gangar jikin fenti ne tun tana tsirara, babu gilashi, babu roba, babu waya. Ana tsoma ta ɗungurungum cikin tafkin sinadari, wutar lantarki ta manna shimfiɗar farko a kowane lungu, har cikin ramukan da hannu ba ya kaiwa. Sannan a bi da sauran shimfiɗu, a gasa su a tanda mai zafin digiri 140 ko fiye. Motar da aka riga aka haɗa ba za ta jure wannan wuta ba, robobinta narkewa za su yi. Shi ya sa ɗakin gasa fenti na gareji, inda ake da shi, yakan tsaya wajen digiri 60, galibin garejinmu kuwa rana ce tandarsu. Duk shimfiɗun nan na kamfani, in an haɗa su, kaurinsu bai fi na fallen takarda da yawa ba: maikiron 100 zuwa 150, shi kuma maikiron kashi ɗaya ne cikin dubu na milimita. Wannan 'yar fatar ce ta tare rana da ruwa da ƙura shekara talatin. Wanda ya kankare ta alhali da sauran ranta ya zubar da abin da kuɗi ba zai dawo masa da shi ba.

Motocin da nake magana a kansu su ne waɗanda muke kira jif a Najeriya, a Nijar kuma kat-kat. Toyota ta fara ƙera kakan Land Cruiser a 1951, ta sa masa wannan suna a 1954, samfurin 70 da ya fito a 1984 kuwa har yau ana ƙera shi da kusan siffarsa ta farko. Shi da Hilux ne ke tashi daga Agadez su ratsa Tenere zuwa Dirku, su ne ke kai masu allurar rigakafi ƙauyukan da kwalta ba ta isa ba, su ne motocin asibiti a inda hanya ke yankewa da damina. Injin dizal mai silinda shida da ke cikin yawancin Land Cruiser ɗin nan yana da taurin rai, har jikin motar yakan riga shi tsufa. Nan ne mai fenti ya zama dole. Bakanike yana riƙe da zuciyar motar, amma in jiki ya ruɓe babu inda za a ajiye zuciyar.

Maƙiyan fenti a ƙasarmu sanannu ne. Rana ce babbarsu, ita ke dafa saman fentin har ya koma gari, ja ya koɗe ya yi fari-fari, fari ya dushe. Sai ƙurar hunturu, wadda ke ɗauke da ƙwayoyin yashi da suka fi fenti tauri. Sai ƙayar bagaruwa da farar ƙaya a hanyoyin daji, sai kashin tsuntsu da na jemage a gindin bishiyar da ake neman inuwa, sai man birki in ya zuba, wanda ke cin fenti nan take. Amma ɓarnar da ta fi ba ni haushi ita ce ta ganganci. Direba ya tashi da asuba cikin hunturu, ya ɗauki busasshen tsumma ya share ƙurar da ta kwana a kan mota. Bai san samfefa ya goga mata ba. Ko a wurin wankin mota a kaɗa garin sabulun wanki a bokiti ɗaya, a wanke taya da soso, a ɗago shi da yashinsa a bi ƙofa da shi. Waɗannan zane-zanen da ke kewaye kamar yanar gizo-gizo in rana ta haska mota, daga nan suke fitowa.

Shi wancan gwajin tsumma yana gaya wa maigida irin fentin da ke gabansa, domin iri biyu ne. Akwai na da, wanda launi da ƙyalli suke haɗe a shimfiɗa ɗaya. Akwai na baya, wanda ya yaɗu tun daga shekarun 1980, inda ake fesa launi siriri a ƙasa, a bi shi da rufin ƙyalli garai-garai kamar gilashi. Motocin aiki masu fari zalla sun daɗe suna fitowa da irin na da, bayan motocin alfarma sun bar shi. In launi ya fito a tsumma, na da ne, kuma albishir ne: saman da ya mutu kaɗai za a cire, a ƙarƙashinsa akwai launi mai rai. In tsumma ya fito babu launi, akwai rufin ƙyalli, kuma sai an yi hattara. Kaurinsa maikiron 40 zuwa 50 ne kawai, bai kai silin gashi ba, kuma a cikinsa maganin rana yake. Ranar da ya fara yin fari-fari a rufin mota yana ɓarewa kamar saɓar maciji, magana ta ƙare. Babu man da zai dawo da shi. Mai fentin da ya ce zai goge maka wannan ya karɓi kuɗinka ne kawai.

In fentin mai tashi ne, aikin yakan ci kwana biyu ko uku, kuma wanka ne farkonsa. Ana sakin ruwa ya kwashe ƙura kafin hannu ya taɓa jiki. Bokiti biyu, ɗaya na sabulu, ɗaya na ɗauraye soso, daga rufi zuwa ƙasa, a inuwa, jikin motar da sanyinsa. Bayan ta bushe, maigida zai shafa bayan yatsunsa a ƙofa. In ya ji kaushi kamar tsakuwa-tsakuwa, akwai dattin da ya nutse cikin fentin: ƙurar ƙarfe, ɗigon kwalta, ƙaron itace. Ana cire shi da wani abu mai kama da danƙo da ake murzawa a jiƙaƙƙen jiki, ana ninke shi duk bayan ɗan lokaci don kada abin da ya kwaso ya koma yana zane.

Sannan a zo ga guga. Man goge fenti ba ya ƙara wa mota komai, ragewa yake yi. A cikinsa akwai ƙwayoyi masu laushi da ke aske saman fentin har ya daidaita da gindin zanen, haske ya daina tarwatsewa. Saboda haka kowace guga cin jari ce, kuma jarin ba shi da yawa. Gwani yakan fara da mafi laushin man da yake da shi, a ɗan wuri, sai in bai yi ba ya hau na gaba. Mai garaje yakan fara da mafi kaushi don ya gama da wuri. Injin guga mai juyawa yana haifar da zafi, in aka tsayar da shi wuri ɗaya ko aka bi gefen ƙofa da kan kusurwar madigadi, inda fenti ya fi siranta, cikin ƙiftawar ido zai ƙone ya nuna shimfiɗar ƙasa. Shi ya sa za ka ga an lilliƙe gefuna da tef kafin a kunna inji, wuraren kuma a bi su da hannu. Tsohon fenti mai shimfiɗa ɗaya yana cika soson inji da mataccen launi, sai ana tsayawa ana kakkaɓewa. Mota ɗaya takan cinye soso da tsumma masu yawa.

Zanen ƙaya kuwa farce ke yanke masa hukunci. Maigida zai ja farcensa a kan zanen. In ya wuce sumul, guga za ta ɗauke shi. In ya ɗan tsaya, wataƙila a bi shi da jiƙaƙƙiyar samfefa mai lamba 2000, sannan 3000, kafin a goge. In farce ya faɗa ciki, ya riga ya wuce inda za a bi shi, domin kafin ka kai gindinsa ka cinye fentin da ke kewaye. Irin wannan ana cike shi da ɗigon fenti a bakin siririn buroshi don tsatsa kada ta samu ƙofa, a bar shi haka. Na fi ganin mutuncin motar daji da 'yan tabonta uku ko huɗu a kan fentinta na asali, da a ce an aske ta har ta kusa tsirara don neman santsin da ƙaya za ta ɓata a tafiya ta gaba. Daga ƙarshe a shafa mata kakin kariya, domin fentin da aka goge a buɗe yake, in an bar shi haka rana za ta mayar da shi gidan jiya cikin 'yan watanni.

To, ba kullum ake dacewa ba. Wani fentin ya mutu murus, wani kuma abin da ke ƙarƙashinsa ne ya mutu. A nan aikin ke komawa hannun mai bugun jiki da mai walda kafin mai fenti. Motar da ta yi rayuwarta a Agadez ko Katsina busasshiyar iska ta yi mata rana, ba ta cika tsatsa ba. Wadda aka shigo da ita ta Kwatano daga Turai ita ce abin tsoro, saboda can ana zuba gishiri a tituna lokacin ƙanƙara, gishirin kuwa yana kwana a lungunan shasi yana ci. A Land Cruiser ana duba magudanar ruwa ta gefen rufi, da gindin gilashin gaba, da bakin madigadi, da daɓen ƙarƙashin tabarmar ƙafa. Ƙurji ɗaya a fenti yana iya zama bakin rami mai faɗin hannu. Maganin tsatsa shi ne a yanke ta, a walda sabon ƙarfe. Wanda ya cusa mata fila ya fesa fenti a kai rufa-rufa ya yi, damina ɗaya za ta tona shi.

Ita filar ba laifi ba ce. An yi ta ne don cike ɗan abin da guduma ta bari, kauri kaɗan. Laifin na wanda ya mayar da ita madadin guduma ne, ya yaɓa ta kamar mai yaɓen ɗaki. Motar birni tana iya ɓoye wannan shekara da shekaru. Motar daji ba ta rufa wa kowa asiri, domin jikinta yana murɗewa a gargada, fila mai kauri kuwa ba ta lanƙwasa, tsagewa take yi. Masu sayen tsohuwar mota sukan bi jikinta da mayen ƙarfe: inda ya ƙi kamawa, fila ce. Akwai kuma 'yar na'urar auna kaurin fenti, wadda in ta nuna ninki biyu ko uku na kaurin kamfani ka san an taɓa fesawa.

Land Rover tana da nata hali daban, kuma a kanta mayen ƙarfe ba ya aiki. Tun da aka fara nuna ta a Amsterdam a 1948 jikinta na alminiyam ne, saboda ƙarfe ya yi ƙaranci a Ingila bayan yaƙin duniya na biyu, haka kuma aka ci gaba har tsohuwar Defender ta ƙarshe ta fito daga masana'antar Solihull a Janairun 2016. Alminiyam ba ya jar tsatsa, amma inda ya haɗu da ƙarfe, kamar a gindin ƙofofi inda fatar alminiyam ke lulluɓe da ƙashin ƙarfe, danshi yakan sa ya riƙa zama farin gari yana tura fenti waje. Ba ya kuma riƙe fenti sai an fara sa masa shimfiɗa ta musamman mai ɗan cizo. Sannan in an yawaita masa guduma miƙewa yake yi, ba ya komawa. Mai fentin da ya saba da Toyota kaɗai, in bai tambaya ba, zai ga aikinsa yana ɓarewa falle-falle.

Kafin a ɗauki bindiga, kwanaki sun tafi a samfefa: mai lamba 80 don cin fila, 180, 320, har zuwa 600 ko 800 da ruwa. Wannan aikin yara ne, kuma a nan ake gane wanda zai zama wani abu. Ana naɗe samfefa a katako mai lebur, domin yatsu zalla suna barin kwari. Ana yayyafa baƙin fenti sama-sama a kan shimfiɗar ƙasa, a goge. Duk inda baƙin ya rage, akwai rami. Maigida yakan kawar da kansa gefe ya bi ƙofar da tafin hannu, saboda hannu yana jin abin da ido bai gani ba. Fenti ba ya ɓoye aibi, ƙara fito da shi yake yi, musamman mai duhu.

Haɗa launi ma ilimi ne. Toyota tana rubuta lambar launin kowace mota a ɗan allon da ke jikinta, gaban haruffan C/TR. 040, alal misali, ɗaya ne daga fararenta. Amma farin da ya sha rana shekara ashirin ya bar lambarsa, ya ɗan karkata zuwa ruwan madara. In ƙofa ɗaya za a fesa, masu haɗa fenti a kasuwanni irin su Ƙofar Ruwa a Kano sukan so a kawo musu murfin tankin mai, su yi ta ɗiga rawaya ko baƙi suna gwadawa a hasken rana, ba a ƙarƙashin fitila ba. Ya kamata a goge murfin tukuna, in ba haka ba za a haɗa launin datti.

Ranar feshi, yanayi ne sarki. A garejin da babu rufaffen ɗaki ana yayyafa wa ƙasa ruwa don ƙura ta kwanta, a fara da sassafe kafin iska ta tashi. Tsakiyar hunturu lokaci ne mai wuya, haka ma tsakar ranar Afrilu, sa'ad da zafi ke wuce digiri 40 har fenti ya fara bushewa a iska kafin ya sauka, ya kwanta da kaushi. Ana zubar da ruwan da ya taru a tankin kwamfreso, domin ɗigo ɗaya na ruwa ko mai zai buɗe 'yan ramuka kamar idon kifi. Bakin bindiga yana nesa da jiki kamar taƙi ɗaya, hannu yana tafiya a miƙe, kowane layi yana hawa rabin na baya. In an matsa kusa ko an yi jinkiri fenti ya yi hawaye, in an yi nisa ya fito kamar ɓawon lemo. Tsakanin shimfiɗa da shimfiɗa a dakata minti goma ko sha biyar. Mai mota da ya zo ana jibi Sallah yana cewa a yi sauri, shi ne zai dawo bayan wata biyu yana kukan fenti ya dushe, domin abin da ke ƙasa bai gama bushewa ba aka rufe shi. Araha ba ta ado, gaggawa ma haka.

Akwai maganar da ba zan wuce ta ba, saboda ta shafi rai. Fentin zamani da ake haɗawa da sinadarin taurarawa yana ɗauke da isosayanet, wanda ke haddasa asma, kuma wanda ya kamu da ita ta wannan hanya ko ɗan kaɗan ya shaƙa daga baya tana iya tashi. Ƙyallen da ake ɗaurawa a hanci ba ya tare shi, takunkumin ƙura ma haka. A Ingila abin da ake buƙata ga mai fesa irin wannan fenti shi ne takunkumin da ake turo masa iska mai tsabta ta tiyo. A wurinmu sau nawa za ka ga yaro ɗan shekara sha biyar tsaye cikin hazon fenti yana riƙe wa maigidansa tiyo, fuska a buɗe? In an gama a sayo madara a sha, wai tana wanke ƙirji. Madara ciki take tafiya, fenti kuwa huhu ya shiga, ba sa haɗuwa. Wanke hannu da tina, ruwan da ake sirka fenti da shi, ma yana busar da fata har ta tsattsage. Maigidan da ke koya wa yaro riƙon bindiga, haƙƙi ne a kansa ya koya masa kare numfashinsa, mai mota kuma da ke neman ragi ya tuna cewa cikin kuɗin da yake ragewa har da na takunkumi.

Koyon sana'ar yakan ɗauki shekaru. Uba ya kawo ɗansa ya damƙa, yaro ya fara da wanke bindiga da ɗebo ruwa, ya hau samfefa, ya koyi liƙe gilashi da takarda, sannan a ba shi shimfiɗar ƙasa ya fesa, inda kuskure ke gogewa. Launi sai can gaba. Abin da na lura yana ƙaranci shi ne koyar da guga da ceton tsohon fenti, domin kuɗin feshi ya fi tsoka, kuma mai mota ya fi saurin yarda ya biya abin da ya ga an zuba daga gwangwani. Alhali a kasuwannin Turai da Amurka, inda tsofaffin Land Cruiser da Land Rover suka zama abin nema, mai saye yakan fifita wadda ke da fentinta na asali, saboda ita ce ba ta ɓoye masa komai ba.

Ranar karɓar mota, maigida yakan fito da ita rana, ya zagaya da mai ita. In feshi aka yi, zai ce kada a shafa mata kaki sai ta yi wata ɗaya zuwa uku, fentin ya gama fitar da numfashinsa. In guga aka yi, zai nuna masa tabon da ya bari da gangan a ƙofar baya da dalilin barinsa, ya gaya masa cewa fentin bonet ya yi siriri, ba zai ɗauki wata guga mai ƙarfi ba. Sannan ya nemi a kira masa direban, domin shi ne mai tsumman asuba. Zai ce masa, ɗan'uwa, in ƙura ta kwana a kanta, ka zuba ruwa tukuna. In babu ruwa, ka goge gilashi kawai ka bar sauran.